GANI YA KORI JI: 'YAR RAHOTO DA NOMAN BAKOLORI

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya tsoma baki cikin sha'anin ɗakin gwaji. Uzurina shi ne, ni ɗan manomi ne daga ƙasar Mafara, kuma duk abin da aka kashe mini tun daga firamare har zuwa wannan jami'a, daga shinkafa da alkamar Bakolori ya fito. Saboda haka duk maganar da ta shafi iri da shuka ta shafe ni, ko da a Turance aka yi ta, ko da kuwa a wata uwa duniya.

Wata shekara, ina sakandare, mahaifina ya makara wajen shukar alkama, bai samu ya zuba iri ba sai da watan Disamba ya yi nisa. Hunturu ya janye da wuri, zafi ya riski alkamar tana cikin cika ido, ƙwayar ta fito a motse. Maƙwabcin gonarmu, wanda suka yi shuka mako ɗaya, ya samu abin da ya rufa masa asiri. Ƙasa ɗaya ce, ruwan kanal ɗaya suka sha, takin ma a rumfa ɗaya suka saya. Da na tambayi mahaifina dalili, sai ya ce, "Iri ne, ɗana. Nasa ya fi namu jure zafi." Amsar gaskiya ce, amma ta bar ni da wata tambaya da na daɗe ina ɗauke da ita: mene ne a cikin irin nan da ke jin zafin rana, har ya san abin da zai yi a kai?

Da na zo jami'a na yi ta bin abokaina masu karatun kimiyyar halittu da wannan tambaya, na kuma karanta abin da ƙarfina ya kai. A nan ne na ci karo da wata dabara da masana ke amfani da ita don su ga lokacin da ƙwayar gado ta tashi aiki da lokacin da ta kwanta. Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana dabarar, sa'an nan in faɗi ra'ayina a kanta. Ra'ayin kuwa shi ne: ya kamata a riƙa yin wannan bincike a nan gida, a kan amfanin gonarmu, da matsalolin manomin Talata Mafara da Bakura da Maradun a gaba, kuma a riƙa gaya wa manomin abin da aka gani kafin a miƙa masa iri.

Ƙwayar Gado da Makunninta

Jikin kowane tsiro, kamar na mutum, an gina shi da ƙwayoyin halitta masu yawan gaske waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda halittar za ta kasance. Yanki-yankin wannan zare su ne ƙwayoyin gado, kuma galibinsu kowace tana ɗauke da tsarin haɗa wani furotin da jiki ke buƙata.

Abin lura a nan shi ne, zaren da ke cikin saiwar shinkafa shi ne ke cikin ganyenta, shi ne kuma ke cikin furenta. To, me ya sa saiwa ba ta yin kore, ganye kuma ba ya yin fure? Dalili shi ne ba dukan ƙwayoyin gado ke aiki a lokaci ɗaya ba. A gaban kowace akwai wani guntun zare da ke yanke hukuncin yaushe za ta yi aiki, a wane sashe na jiki, kuma da wane ƙarfi. Wannan guntu shi zan kira makunni, domin aikinsa ya yi kama da na makunnin fitilar lantarki. Wani makunni zafi ke taɓa shi, wani ƙishirwa, wani gishirin ƙasa, wani kuwa cizon ƙwaro.

Wasu masana biyu na Cibiyar Pasteur da ke Faris, François Jacob da Jacques Monod, su ne suka fara bayyana wannan tsari filla-filla a shekarar 1961. Sun nuna cewa wata bakteriyar hanji ba ta wahalar da kanta wajen haɗa sinadarin narkar da sukarin madara sai in sukarin yana nan. In babu shi, akwai wani furotin da ke zama a kan zaren ya toshe hanya. Wannan aiki ya sa suka sami kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff. Tun daga lokacin aka gane cewa bambancin iri da iri sau da yawa yana ga makunni: iri biyu na iya mallakar ƙwayar gado ɗaya, amma ɗaya ya kunna tasa da wuri, ɗaya kuma sai bayan ɓarna ta auku.

Mece ce 'Yar Rahoto?

Matsalar da masana suka fuskanta ita ce, makunni ba ya ƙara ba ya haske. In ya tashi aiki a cikin saiwa, ba mai ji ba mai gani. Sai suka yi wata hikima mai kama da abin da sarakunanmu ke yi. Sarki na iya yanke shawara a cikin fada ba wanda ya sani, amma da zarar sanƙira ya fito ya ɗaga murya, duk gari ya san an zartar da wani abu. Masana suka ce, bari mu ba makunni nasa sanƙiran.

Ga yadda ake yi. Ana yanko makunnin da ake son a bincika, a raba shi da ƙwayar gadon da ya saba kunnawa, a liƙa shi a gaban wata ƙwayar gado dabam wadda aikinta ke bayyana ga ido, watau mai ba da launi ko haske. Wannan ta biyun ita ce ƙwayar gado mai ba da rahoto, wadda zan taƙaita da 'yar rahoto. Sai a shigar da su biyun cikin tsiro, galibi ta hanyar wata bakteriyar ƙasa mai suna Agrobacterium, wadda dama ɗabi'arta ce ta cusa guntun zarenta cikin tsirrai. Daga nan duk inda makunnin ya tashi aiki, 'yar rahoto za ta nuna. In an hana tsiron ruwa aka ga saiwarsa ta yi launi, an san ƙishirwa ce ke taɓa wannan makunni, an kuma san a saiwa yake aiki.

'Yan rahoton da suka yi suna ba su da yawa. Akwai wadda ake kira GUS, wadda Richard Jefferson da abokan aikinsa suka fito da ita don binciken tsirrai a Kambirij ta Ingila a 1987. Ana jiƙa yankin tsiron a cikin wani ruwan sinadari marar launi, sai duk inda makunni ya yi aiki ya rine ya koma shuɗi kamar an tsoma shi a karofi. Akwai kuma wadda aka samo daga maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare a bakin fadama. A 1986 masu bincike a San Diyego ta Amurka suka sa ƙwayar gadon hasken maƙesu cikin tsiron taba, suka shayar da shi sinadarin da hasken ke buƙata, suka ɗauki hotonsa yana haske a cikin duhu. Amfanin wannan shi ne ana iya auna yawan hasken da na'ura, a san ko makunnin da ƙarfi yake aiki ko da rauni.

Ta uku ita ce GFP, furotin mai ƙyallin kore, wanda Osamu Shimomura ya samo a 1962 daga wata halittar teku mai taushin jiki. A 1994 Martin Chalfie ya nuna cewa ana iya sa shi cikin wata 'yar tsutsa a riƙa kallon ƙwayoyin jijiyarta suna ƙyalli tana raye. Su biyun da Roger Tsien suka sami kyautar Nobel a 2008. Daga baya-bayan nan, a 2020, an fito da wata mai suna RUBY, wadda ke sa tsiro ya yi ja wur, ana ganinsa da ido ba tare da na'ura ko ruwan sinadari ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan ta ƙarshe a zuciya, domin za mu komo kanta.

Abin da Aka Gano da Ita

Kada a ɗauka wannan wasan launi ne kawai na masu farar riga. Bari in kawo misali ɗaya da ya fi kowane ƙayatar da ni, domin ya shafi ƙishirwa da gishiri, abokan gabar manomin rani.

A ƙasar Japan, Kazuko Yamaguchi-Shinozaki da Kazuo Shinozaki sun lura da wata ƙwayar gado a cikin wani ɗan tsiron gwaji, wadda ke tashi aiki in tsiron ya ji fari, ko sanyi, ko gishiri. Suka ɗauki makunninta suka haɗa da GUS, sa'an nan suka riƙa gutsure makunnin kaɗan-kaɗan suna dubawa. In an cire wannan gefe rahoto bai daina zuwa ba, to ba nan maganar take ba. In an cire wancan rahoto ya ɗauke, to an taka wurin. Ta haka, a 1994, suka kai ga wani ɗan guntu mai harafi 9 kacal na zaren DNA, wanda shi ne ke jin ƙishirwa. Bayan 'yan shekaru suka gano furotin da ke zama a kan guntun ya kunna shi, wanda aka sa wa suna DREB.

A nan ne darasin yake. Da aka sa tsiro ya riƙa haɗa wannan furotin dare da rana, ta hanyar ba shi makunnin da ba ya mutuwa, tsiron ya jure fari ƙwarai, amma sai ya tsumbure, ya ƙi girma. A 1999 suka sauya dabara, suka ba shi makunnin nan da ba ya tashi sai an shiga wahala. Sai tsiron ya yi girmansa kusan yadda ya saba, ya kuma jure fari in ya zo. Watau mallakar ƙwayar gado mai kyau ba ta wadatar ba, sai an san lokacin da ya dace ta yi aiki. Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san wannan: ruwan da ke raya shuka shi ne ke ruɓar da ita in an bar bakin kwami a buɗe.

Misali na biyu ya shafi shinkafa da ambaliya. Manoman gabashin Indiya sun daɗe da wata shinkafar gargajiya da ke iya kwana da kwanaki a ƙarƙashin ruwa ba ta mutu ba. A 2006 masana daga Amurka da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin suka bayyana ƙwayar gadon da ke da alhakin haka, mai suna SUB1A. In ruwa ya rufe shuka, wata iska da tsiron ke fitarwa takan taru a jikinsa, ita ce ke kunna wannan ƙwayar gado, ita kuma ta hana shinkafar ɓarnatar da ƙarfinta wajen miƙewa. Sai ta lafe har kusan mako biyu, in ruwa ya janye ta ci gaba da girma. Da wannan sani aka yi barbarar iri ta hanyar da aka saba, har aka samu FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar wa manoman Nijeriya a 2017. Ke nan fahimtar yadda ƙwayar gado ke kunnuwa tana amfanar ko da wanda ba ya son a taɓa masa iri da fasahar sauya halitta.

Ina Ruwan Bakolori?

An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. An tsara tafkin ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 450, ya shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kashi mafi girma na filin an shirya shayar da shi ne da famfunan feshi masu aiki da lantarki, waɗanda ba su yi ƙarko ba. Abin da ya rage yana aiki shi ne ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa ta kanal, wanda aka yi wa gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014.

Tarihin wannan aiki yana da ɗaci, kuma tilas a faɗe shi. An tashi mutane daga gidajensu da gonakinsu, an hana wasu noma shekaru ana gyaran fili, maganar diyya kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu, 1980, 'yan sanda suka far musu a yankin Birnin Tudu. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, wasu marubuta kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Har wa yau, wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya nuna a 1985 cewa raguwar ambaliya a ƙasan madatsar ta sa manoman fadama da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, masunta kuma kamunsu ya ragu. Duk wannan ya faru ne domin an zo da ilmi daga nesa, an auna ƙasa da ruwa, amma ba a saurari mai gona ba, ba a kuma yi masa bayani ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga wani sabon ilmi ya taso, wannan karon a cikin ƙwayar iri yake zuwa. A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da masana daga Ostareliya. An sa masa ƙwayar gadon wata bakteriya da ke kashe tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa, don a rage yawan feshin magani. A farkon 2024 kuma aka fitar da masarar TELA. Wake tsiro ne mai taurin kai wajen karɓar baƙuwar ƙwayar gado, kuma cikin shekarun da masana suka yi suna neman hanyar shigar masa da ita, 'yar rahoto irin GUS ce ke nuna musu ko saƙon ya shiga. Ashe ke nan waken da ake sayarwa manominmu ya bi ta hannun wannan dabara tun kafin ya ji sunanta.

Tambayoyin da gonakin Bakolori ke jira a amsa ba ɓoyayyu ba ne. Wane makunni ne ke tashi a jikin alkama in zafin Fabrairu da Maris ya sauko, kuma me ya sa yake saurin tashi a wani iri ya yi nawa a wani? Yaya saiwar shinkafa ke ji in ƙasa ta fara kanwa saboda ruwa ya kwanta babu mafita? Shinkafar gargajiya ta fadamun Sakkwato da Rima, wadda ke bin ruwa tana tsawo yayin da ambaliya ke hawa, wane umarni take bi? Dawa da gero, waɗanne makunnai suke kunnawa in ƙuduji ya kama saiwarsu? Manyan ɗakunan gwaji na Turai da Amurka da Asiya suna da nasu amfanin gona da nasu damuwa. In ba mu tambayi irinmu da kanmu ba, za mu daɗe muna jiran wanda zai tambaya mana.

Sukar da Za a Yi

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko zai ce, wace irin maganar ɗakin gwaji ce wannan alhali manomin Maradun ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, taki ya yi tsada, kanal ya cushe da yashi da kachalla? Na yarda tsaro shi ne gaba da kome, domin sai da rai ake noma. Amma bincike irin wannan ba a yinsa a kwana ɗaya. Daga gano guntun nan na Japan zuwa gane yadda za a yi amfani da shi shekara biyar aka yi, daga bayyana SUB1A zuwa fitar da FARO 66 kuwa shekara goma sha ɗaya. In muka ce sai kome ya daidaita za mu fara, to ranar da zaman lafiya ya dawo za mu tarar hannunmu babu kome. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu zai ce kayan aikin sun fi ƙarfinmu, ga rashin wutar lantarki. Gaskiya ne na'urar auna hasken maƙesu da madubin ganin ƙyallin GFP suna da tsada. Amma rinin GUS ba ya buƙatar fiye da ruwan sinadarinsa, da ɗan akwatin ɗumi, da madubin da ake samu a ɗakin gwajin kowace jami'a. RUBY kuwa, da na ce a riƙe, ido kawai take nema. Abin da ya fi wuya shi ne renon tsiro a cikin kwalba ba tare da ƙwayoyin cuta sun shiga ba, wannan kuwa horo ne da tsabta da wutar da ba ta yankewa, wadda hasken rana zai iya bayarwa. Ba kuma daga sifiri za a fara ba. Akwai Samaru, akwai Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi mai kula da shinkafa, akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri mai kula da alkama, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da kwalejin aikin gona ta Bakura suna zaune a bakin gonakin, su ya kamata su zama mahaɗa tsakanin mai kwalba da mai fartanya.

Na uku zai ce yana tsoron duk abin da aka sauya wa halitta. Wannan tsoro ya yaɗu, har Majalisar Wakilai ta nemi a 2024 a dakatar da shigo da sababbin irin da aka sauya sai an yi bincike. Ba na raina mai wannan tsoro, musamman wanda iyayensa suka ga abin da ya faru a 1980. Amma a bambance abu biyu. Tsiron da aka sa wa 'yar rahoto don nazarin makunni kayan bincike ne, a ɗakin gwaji yake zama ƙarƙashin dokar hukumar NBMA da aka kafa a 2015, ba a kai shi kasuwar Talata. Daɗin daɗawa, ƙasar da ba ta da masu iya wannan aiki ba ta da hanyar tantance abin da aka kawo mata, sai dai ta karɓa a makance ko ta ƙi a makance. Mai shakka ya fi kowa buƙatar ɗakin gwaji na gida.

'Yar Rahoto Ma Takan Yi Kuskure

Adalci ne in faɗi raunin dabarar, domin kada a ɗauke ta a matsayin wadda ba ta ƙarya. Rinin GUS yana kashe yankin da aka jiƙa, saboda haka hoton lokaci ɗaya yake bayarwa, kuma furotin ɗinsa yakan daɗe a jiki bayan makunni ya mutu, kamar sanƙiran da ke ci gaba da shela bayan sarki ya janye magana. Bakteriyar da ta kai saƙon ita ma tana iya yin shuɗin da kanta, mai bincike ya ɗauka tsiro ne ya yi, sai da aka gyara 'yar rahoton yadda tsiro kaɗai ke iya karanta ta. Koren ganye yana da nasa ƙyalli da ke iya rufe na GFP. Wurin da saƙon ya faɗa a kan zaren DNA shi ma yana sauya ƙarfin rahoto, shi ya sa ba a dogara da tsiro ɗaya, sai an gwada da yawa. A gwajin haske kuma akan haɗa 'yar rahoto ta biyu a matsayin ma'auni, don a san ko bambancin da aka gani na makunni ne ko na hannun mai aiki.

Babban rauni kuwa shi ne, makunnin da aka ciro daga mazauninsa ba lalle ne ya yi halin da yake yi a gida ba, kuma kwalba ba gona ba ce. A ɗakin gwaji ana ba tsiro wahala ɗaya a lokaci ɗaya. A Bakolori kuwa zafi da ƙishirwa da ƙwari da tsuntsaye tare suke zuwa. Don haka abin da 'yar rahoto ta faɗa shaida ce ta mutum ɗaya, ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin gona, an shuka an girbe shekara biyu ko uku a gaban manoma. Wannan rauni ma ƙarin hujja ne a kan cewa ɗakin gwajin ya kamata ya kasance kusa da gonar.

Kammalawa

A taƙaice, abin da nake kira a kai abu uku ne. Gwamnatin Jihar Zamfara da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su ware wani abu, kome ƙanƙantarsa, don a tura matasan yankin su koyi wannan aiki a Samaru da sauran cibiyoyi, da sharaɗin su yi bincikensu a kan irin da ake nomawa a Bakolori. A tattara irin gargajiya na shinkafa da dawa da gero da wake daga hannun tsofaffin manoma a adana, domin shinkafar da ta ceci miliyoyin manoma daga ambaliya a gonar talakan Indiya aka same ta. Sa'an nan duk sabon irin da za a kawo, a tara manoma a yi musu bayaninsa da harshen da suke ji, a nuna musu hoton saiwar da ta yi shuɗi da wadda ba ta yi ba, a ba su damar tambaya da damar ƙi.

Mahaifina bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, amma da na yi masa bayanin makunni da sanƙira bai sha wahalar ganewa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, in sun iya ganin lokacin da alkama ta ji zafi, su zo su duba tamu." Wannan ita ce buƙatar, kuma ban ga ta fi ƙarfin ƙasar da ta iya tare Gulbin Sakkwato ba. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, ya sa ilminmu ya amfani waɗanda suka yi noma suka biya mana kuɗinsa, amin.